Na Huɗu Daga Hagu

Ƙarfe ukun dare a Valparaíso.
Na rufe kwaɓin fulawa da tsumma, na bar shi ya tashi,
na karkaɗe yatsuna,
na buɗe tsohuwar kwamfuta a kan buhu.
Nan ce jami'ata.
Ba ta da ƙofa, ba ta da mai gadi,
sai kalmar sirri: sunan ɗana Nahuel
da shekarar da na haife shi.

Daga kan tudun nan ina jin jiragen ruwa
suna gyaran murya a tasha.
Intanet ɗin maƙwabci nake ara.
In iska ta taso daga teku
sai fuskar Malama Urrutia ta daskare,
baki buɗe, rabin kalma a ciki.
Ban taɓa ganin ƙafafunta ba,
amma shekara biyu ke nan tana koya mini
yadda ake auna hankalin wanda ake tuhuma,
yadda ake tambayar yaro
ba tare da an cusa masa magana a baki ba,
da abin da ke sa mutum ya amsa laifin da bai yi ba
in an hana shi barci kwana uku.

Na haddace. Na ci jarrabawa.
Har na fara yi wa masu sayen burodi kallon ƙurilla,
ina cewa a raina, wannan da abin da yake ɓoyewa.

Sai darasi na tara: shaidar gani da ido.

Ta ce ƙwaƙwalwa ba hoto ba ce.
Kafin ta ƙarasa na riga ta:
kwaɓi ne.
Duk hannun da ya taɓa shi sai ya bar sawu,
kuma cikin duhu yake kumbura.

An ce gani ya kori ji.
To, wa zai kori gani?

Ina 'yar shekara goma sha shida
aka tsayar da ni bayan gilashi.
Maza shida a jere, kowa riƙe da lamba.
Wanda ya fasa shagon babana
daƙiƙa nawa na gan shi?
Wuƙar na kalla, ba fuskar ba.
Ɗan sandan ya ce, kwantar da hankalinki,
sake duba na huɗu.
Na sake dubawa.
Ya ce, yawwa, yarinyar kirki.
Kafin ranar shiga kotu
na huɗun ya gama tarewa a mafarkina,
har da tabon da ke haɓarsa.
Na rantse gaban alƙali, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Baldomero Quilodrán, mai ɗinkin tarun masunta.
Shekara bakwai.

Ban ce ba shi ba ne.
Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan:
ban sani ba.
Shekara ashirin da biyu ina yawo da tabbas
kamar dutse a aljihu,
yau na zura hannu, gari na ɗebo.

Malama ta ba da aiki:
kalma dubu biyu a kan shaidar da ta gaskata kanta.
Abokan karatuna, wani a Temuco, wata a Arica,
za su tono misali daga littattafai.
Ni misalina yana Playa Ancha,
an ce har ya yi jika, gwiwarsa ta fara ciwo.
Ran Lahadi na hau mota har bakin layinsu
da burodi biyu masu zafi cikin takarda.
Na tsaya jikin turken lantarki
har suka huce.

Huɗu da rabi. Tanda ta yi ja.
Na rubuta layin farko, na goge.
Na sake rubutawa, na sa sunana
inda ake sa sunan shaida.
Fulawa ta shiga tsakanin maɓallai,
harafin farko na sunansa ya maƙale,
sai na danna da ƙarfi yake fitowa.

Kwaɓi ya ɗaga tsumma, yana jirana.
Gari a yatsuna,
gari bai waye ba.